Dishewar Muryar Da Ke Tasowa Daga Jijiya Da Ƙwaƙwalwa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Dishewar murya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da hunturu ya kama, ƙura ta cika gari, sai a ji rabin unguwa na magana da ƙyar. Malamin makaranta, ladan, kwandasta mai kiran fasinja, kowannensu ya san ranar da muryarsa ta ƙi fita. Irin wannan daga kumburi take. Da hutu da ruwan ɗumi, wani ya haɗa da zuma da citta, cikin mako 1 ko 2 sai ta washe.

Akwai wata iri kuma da ba ta jin wannan magani. Mai ita ba ya mura, wuyansa ba ya ciwo, in an leƙa maƙogwaron ba ƙari ba gyambo, amma murya ta ƙi. A nan saƙon da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa ne ya yanke a hanya, ko ya iso a hargitse. Sau da yawa muryar ce ke fara tona asirin wata cuta da ke kwance a ƙirji ko a cikin kai, tun kafin sauran alamomi su fito fili. Ba a gane irin wannan da kunne kaɗai, sai an duba da ido.

Daga ina murya ke fitowa?

Ku taɓa zakaran wuyanku. Bayan wannan guringuntsi akwai tsoka biyu masu laushi, tsawon kowacce bai cika wuce santimita 2 da rabi ba. Su ne igiyoyin murya, kuma aikinsu irin na ƙofa mai ƙyaure biyu ne. In za a shaƙi iska sai su buɗe. In za a haɗiye abinci sai su rufe gam, don kada wani abu ya faɗa hanyar huhu. In za a yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta ratsa tsakaninsu su riƙa kaɗawa, sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji baligi, wajen sau 200 ga mace. Daga nan harshe da leɓe da ganɗa su mayar da sautin kalmomi.

Mai ba su umarni ita ce jijiya ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Rassanta biyu ne ke kula da maƙogwaro. Reshen sama shi ke ɗame igiyoyin don murya ta hau. In ya samu rauni mutum na magana, amma ba ya iya ɗaga sauti sama, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai ƙira'a, ko ga duk mai magana da Hausa, harshen da hawa da saukar sauti ke raba ma'anar kalmomi.

Reshe na biyu tafiyarsa da ban mamaki. Maimakon ya shiga maƙogwaro kai tsaye, sai ya gangara ƙasa, ya zagayo, sannan ya hauro. Na hagu ya fi yin nisa: sai ya shiga ƙirji ya bi ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya kafin ya komo wuya. Shi ya sa ciwon da ke ƙirji kan iya kashe murya, kuma igiyar hagu ta fi yawan shanyewa. Tun a ƙarni na 2 miladiyya Galen, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum, ya nuna wa jama'a cewa da an yanke wannan reshe a jikin alade mai ihu, nan take ihun ke ɗaukewa.

Shanyewar igiyar murya

In reshen ya mutu ta gefe ɗaya, ƙyaure ɗaya ya tsaya ke nan, ɗayan ya yi ta zuwa bai tarar da ɗan'uwansa ba. Iska ta riƙa zurarewa ta tsakani. Murya ta zama mai huci, ba ƙarfi, mutum ya riƙa yanke zance yana jan numfashi bayan kalma 4 ko 5. Tarinsa ba ya da kaifi. In ya kurɓi ruwa sai ya ƙware. Wannan ƙwarewar ita ce abin tsoro, domin abin da ke zurarewa cikin huhu kan jawo ciwon namoniya.

Babban sanadi shi ne tiyatar wuya, musamman ta maƙoƙo, saboda jijiyar na manne da bayan halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙon. Akwai tiyatar zuciya da ta ƙirji, da bututun numfashi da ake zura wa mara lafiya ya daɗe a wuyansa. Akwai sankarar huhu da ta maƙoshi, da kaluluwar tarin TB da ke kumbura a tsakiyar ƙirji ta danne jijiyar. Zuciya ma in wani sashenta ya buɗe ya yi girma takan danne ta, abin da likita Norbert Ortner na ƙasar Ostiriya ya bayyana a 1897. Wasu kuma bayan mura mai tsanani abin ke samunsu, wasu a yi duk bincike ba a ga dalili ba.

In gefe biyun ne suka shanye, lamarin ya juye. Igiyoyin kan tsaya kusa da juna, don haka murya na iya fita kusan daidai, amma hanyar iska ta ƙuntata. Za a ji wani ƙara mai kama da fito duk lokacin da mutum ya ja numfashi, musamman in ya yi sauri ko yana barci. Wannan ba na jira ba ne.

Cutar Parkinson

Likitan Ingila James Parkinson ne ya bayyana ta a 1817. Tana faruwa ne in ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. An fi saninta da karkarwar hannu da nauyin jiki da gajeren taku, amma kusan 9 cikin 10 na masu ita kan samu matsalar murya ko furuci a tsawon cutar. Muryar ta yi ƙasa, ta tafi a miƙe ba hawa ba sauka, kalmomi su riƙa cin juna. Duk wanda ya ji hirarrakin ɗan damben nan Muhammad Ali na ƙarshen rayuwarsa, bayan an gano yana da cutar a 1984, ya ji yadda take mayar da mai kaifin baki.

Abin da ke haɗa iyali faɗa shi ne mara lafiyar bai san muryarsa ta ragu ba. A ce, "Baba, ɗaga murya mana, ba ma ji." Ya ce, "Ai ga shi ina ɗagawa, ku ne kunnenku ya toshe." Ba taurin kai ba ne. Ma'aunin da ƙwaƙwalwa ke auna ƙarfin murya da shi ne ya karkace, har in ya yi magana daidai sai ya ji kamar ihu yake.

Muryar da ke shaƙewa ana tsakar magana

Likitoci na kiranta distoniyar maƙogwaro. Igiyoyin lafiyarsu ƙalau, amma ƙwaƙwalwa na aiko musu da umarnin matsewa ba gaira ba dalili. A mafi yawan masu ita igiyoyin kan damƙe juna, murya ta fito a shaƙe tana yankewa. A wasu kaɗan kuma buɗewa suke yi, sautin ya ɓace a tsakiyar kalma. Ta fi kama mata, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Tana da wani hali mai ruɗa mutane: mai ita kan yi dariya lafiya, ya yi waƙa, ya yi raɗa, wani lokaci har ya ƙwala kira, amma hira ta gagara, balle ta waya. Saboda haka ake ce masa da gangan yake, ko tsoro ne, ko an yi masa sammu. Likitocin Turai ma sun shafe kusan shekara 100 suna ɗaukarta ciwon damuwa, tun bayan da Ludwig Traube ya bayyana ta a 1871. Yanzu an tabbatar cutar ƙwaƙwalwa ce ta ɓangaren sarrafa motsi. Tashin hankali na ƙara ta, amma ba shi ke haifar da ita ba. Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025, da ita yake magana.

Sauran da ya kamata a sani

Karkarwar murya: sautin na rawa a kai a kai, an fi ji in mutum ya ja "aaa". Takan zo da karkarwar hannu ko ta kai, takan bi jini a dangi, kuma ba Parkinson ba ce.

Mayasteniya: garkuwar jiki ce ke kai hari mahaɗar jijiya da tsoka. Mutum ya fara magana garau, in ya jima sai muryar ta gaji ta koma ta hanci, in ya huta ta dawo. Fatar ido na sauka, ana ganin abu biyu-biyu, tauna na gajiyarwa, kuma abin ya fi tsanani da yamma. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su gentamicin da ciprofloxacin, na iya tsananta ta, wanda ya isa dalilin guje wa sayen magani a kemis da ka.

Shanyewar ɓarin jiki: in ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa, murya kan dishe farat ɗaya tare da jiri, shaƙuwa, tangaɗi da kasa haɗiya, ko da hannu da ƙafa na motsi.

Mashaƙo: annobar da ta ɓarke a Najeriya tun ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano, ta sa dole iyaye su san wannan. Gubar ƙwayar cutar na bin jijiyoyi. Mako 2 zuwa 3 bayan ciwon wuyan, ana murna yaro ya warke, sai ya fara magana ta hanci, ruwa na fitowa ta hancinsa in ya sha. Ganɗarsa ce ta shanye. Yawanci tana warwarewa, amma a mayar da shi asibiti, domin gubar kan kai ga tsokar numfashi da zuciya. Rigakafin yara na mako 6 da 10 da 14 yana kare su daga cutar.

Akwai kuma cutar da ke cinye jijiyoyin motsi sannu a hankali, irin wadda ta kama masanin kimiyya Stephen Hawking. A wasu da nauyin harshe da shaƙewar murya take farawa.

Yadda likita ke bincike

Da tambaya ake farawa. Yaushe abin ya soma, farat ɗaya ko a hankali? An yi tiyata? Ana ƙwarewa? An rame? Ana shan taba ko shisha? Wane magani ake sha? Tambayar ƙarshen na da muhimmanci, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali, irin su metoclopramide da haloperidol, kan jawo ƙullewar tsoka ko alamomi irin na Parkinson.

Sai sauraro. Likita zai ce a ja numfashi a riƙe "aaa" yana duban agogo. Baligi mai lafiya kan kai daƙiƙa 15 ko fiye, wanda bai kai 10 ba iska na zurare masa. Zai sa a ƙirga daga 1 zuwa 50 ya ji ko muryar na gajiya, a yi raɗa, a yi tari, a haura da sauti daga ƙasa zuwa sama.

Sai gani da ido, wanda shi ne ginshiƙin binciken. Wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ya fara kallon igiyoyin muryarsa suna motsi a 1854, da ƙaramin madubin likitan haƙori da hasken rana. Har yau ana amfani da madubi a wasu asibitoci, amma an fi dogara da siririyar igiya mai fitila da kyamara, wadda kaurinta bai kai na fensir ba. Mara lafiya na zaune a kujera, a fesa masa maganin kashe wuri a hanci, a zura ta a hankali har ta leƙo saman maƙogwaro. Likita ya ce, "Ce iii. Ja iska ta hanci. Sake cewa iii." A kan allo sai a ga fararen igiyoyin nan biyu suna haɗuwa suna rabuwa, ko a ga ɗaya ta tsaya cak. Ido kan ɗan yi ƙwalla, amma cikin 'yan mintoci an gama, ba allura ba kwanciya.

In an ga igiya ta shanye ba a san dalili ba, sai a bi hanyar jijiyar duka da hoton CT, daga gindin kai har tsakiyar ƙirji. In ana zargin ƙwaƙwalwa sai hoton MRI. Akwai gwajin jini na mayasteniya, akwai kuma gwajin da ake soka siririyar allura a tsokar maƙogwaro a auna lantarkinta, don a san ko jijiyar na farfaɗowa. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sa ƙa'ida a 2018: dishewar da ta kai mako 4 ba ta yi sauƙi ba, a leƙa maƙogwaro, kuma kada a riƙa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai.

Akwai magani?

Akwai, amma kowace cuta da nata.

Igiyar da ta shanye ta gefe ɗaya takan farfaɗo da kanta, ko ɗaya igiyar ta koyi ƙetarowa ta cike gurbin. Don haka akan jira wata 6 zuwa 12 kafin aikin dindindin. A lokacin jiran, ƙwararren mai horar da murya zai koyar da dabarun numfashi da na haɗiya. In ƙwarewa ta yi yawa, ana iya yi wa igiyar allurar wani abu mai kauri, ko kitsen jikin mutum, ta cika ta matso tsakiya na ɗan lokaci.

In ba ta dawo ba, akwai aikin da likita Nobuhiko Isshiki na Japan ya fito da shi a 1974. Ana kashe wurin ne kawai, ba a sa mutum barci. A yanka ƙaramar taga a guringuntsin wuya, a tura ɗan abin tokare ya turo igiyar zuwa tsakiya. Likita na turawa yana cewa mara lafiya ya yi magana, ya ƙara ko ya rage har muryar ta zauna daidai, sannan ya ɗinke. Mutumin da ya shekara yana huci kan ji muryarsa ta dawo tun yana kan gadon tiyata. Ana kuma iya ɗauko wata jijiyar wuya a jona wa wadda ta mutu, musamman ga yara da matasa. In gefe biyu ne, numfashi ake fara ceto, ko da huda maƙogwaro a sa bututu, ko da faɗaɗa hanyar iska, wanda kan rage ƙarfin murya.

Ga distoniya, abin da ya fi aiki shi ne allurar Botox, wato ɗigo kaɗan na gubar da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, wadda ke sassauta tsoka. Likita Andrew Blitzer ne ya fara yin ta a maƙogwaro a birnin New York a 1984. Ba ta warkarwa, tana sauƙaƙawa ne na wata 3 zuwa 4, sai a sake. Kwanakin farko murya kan yi huci, a ɗan riƙa ƙwarewa da ruwa, sannan ta daidaita. Diane Rehm, mai gabatar da shiri a rediyon Amurka, an gano tana da cutar a 1998, kuma da wannan allura ta ci gaba da shirinta har 2016. Matsalar allurar ita ce tsada da ƙarancin masu yin ta.

Ga Parkinson, maganin levodopa ya fi taimakon hannu da ƙafa fiye da murya. Abin da ke ɗaga murya horo ne. Wanda ya fi shahara shi ne LSVT, wanda Lorraine Ramig da abokan aikinta suka tsara a Amurka a shekarun 1980: zama 16, awa ɗaya-ɗaya, kwana 4 a mako har mako 4, da aikin gida kullum. Manufarsa ɗaya tal, a yi magana da ƙarfi, har ƙwaƙwalwa ta saba cewa wannan ƙarfin shi ne daidai.

Mayasteniya na jin magani sosai, irin su pyridostigmine da masu kwantar da garkuwar jiki. Karkarwar murya kuwa, magungunan da ke rage ta hannu ba su cika yi mata tasiri ba, shi ya sa a nan ma akan koma ga Botox.

Abin da gida zai yi, da wanda zai bari

A kashe rediyo ko a nisanci janareta in za a yi hira, a fuskanci mara lafiya, a bar shi ya ƙarasa zancensa da bakinsa. Kada ya koma yin raɗa da sunan hutar da murya, raɗa mai ƙarfi na gajiyar da maƙogwaro, haka ma yawan gyaran murya. Mai ƙwarewa ya ci abinci a zaune sosai, loma ƙanana, ba hira. Abu mai kauri kamar kunu ya fi sauƙin haɗiya a kan ruwa tsura ga da yawansu, amma a nemi shawarar asibiti a kan wannan.

Cire beli a wurin wanzami ba ya gyara irin wannan murya. Beli a saman baki yake, igiyoyin murya can ƙasa, kuma yankan na iya jawo zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Yaushe za a tafi, kuma ina?

A garzaya nan take in numfashi na ƙara ko yana wuya, in miyau ya gagara haɗiyewa, ko in murya ta canza farat ɗaya tare da karkacewar baki, mutuwar hannu ko jiri. Maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi. A tafi cikin 'yan kwanaki in dishewar ta biyo bayan tiyata, ko ta zo da ƙwarewa, tarin jini, ƙullutu a wuya ko rama, musamman ga mai shan taba. Ban da waɗannan, mako 4 ne iyaka.

Wanda ake nema shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ana samunsu a asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da manyan asibitocin ƙasa na Nijar. Shi zai tura ga likitan jijiyoyi in da buƙata. A tafi da duk magungunan da ake sha a ledarsu. In akwai tsohon saƙon murya a waya daga lokacin da ake lafiya, a tafi da shi, a kuma ɗauki sabo a ranar da abin ya fi tsanani, domin wasu muryoyin kan yi kyau a gaban likita. Wanda za a yi wa aikin maƙoƙo ya nemi a duba igiyoyinsa kafin aikin da bayansa.

Kafin ku karɓi takardar magani ku fito, ku yi tambaya ɗaya: "Likita, an ga igiyoyin muryata, duka biyun suna motsi?" In ba a duba ba, binciken bai ƙare ba, ku nemi a tura ku inda ake da na'urar.